Tambayar da Aka Yi wa Inna ta Bakina

Muna roron wake a gonar da ke gabas da Gidan Sori wayata ta yi ƙara. Lambar Yamai ce. Na aje kwando na nufi gindin gawo, don can ne rezon waya ya fi kamawa. Likitan da ya duba Inna ne.

"Isuhu, sakamakon analiz ɗin ya fito," in ji shi. "Ba sanyin ƙashi ba ne. Ciwon daji ne, a cikin ɓargo yake."

Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce ciwon yana cin ƙashi ta ciki, kamar yadda gara ke cin dirka, waje lafiya, ciki fanko. Shi ya sa bayanta ya hana ta barci tun bara, shi ya sa kuma hannunta ya karye ranar da ta ɗaga taɓarya kawai. Na tambaye shi ko ana warkewa. Ya ce ba a cika warkewa ba, amma ana danne shi, mutum ya yi shekaru yana harkarsa.

Sannan ya faɗi abin da ya sa ya kira da kansa. Akwai wata likita da suka yi karatu tare, tana aiki a wani babban asibiti a Kazablanka, ƙasar Maroko. Suna wani bincike kan wannan ciwo. Ba sa ba kowa magani iri ɗaya. Suna fara ɗibar ɓargon mutum su duba irin nasa, domin akwai mai gaggawa, akwai mai tafiya sannu. Mai gaggawa a haɗa masa da ƙarfi, mai sannu a sassauta masa, bayan wani lokaci a sake dubawa a gyara. Wanda ya shiga binciken ba ya sayen magani. Namu shi ne kuɗin jirgi da wurin kwana.

"Amma sharaɗi ɗaya ne," ya ce. "Waɗanda aka gano ciwonsu yanzu suke ɗauka, waɗanda ba su fara magani ba. Kada ku ba ta komai sai na rage zafi da na rubuta."

Na ce to. Da na koma gida na faɗa wa baffana a zaure, na kuma kira ƙanwata Zuwaira, wadda ke jinyar Inna, na ce likita ya hana magani. A ranar ta zubar da jiƙon sassaƙen da ke cikin tukunya.

Dole in faɗi wani abu a nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai fahimtu ba. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake zaune, ba ta ci abinci ina kallo. In tana son in yi wani abu sai ta dubi gefe ta ce, "A kai awakin can rijiya." Ba ƙiyayya ba ce, kowa a wajenmu ya san kunyar ɗan fari, kuma ana yabon mace a kanta. Ni ma ban taɓa jin an tauye ni ba. Sai dai cikin ’ya’yanta ni kaɗai na yi lakol har na iya Faransanci gwargwado, Zuwaira kuma tana da goyo. Shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina.

Ba zan tsaya kan yadda muka tashi ba. An sayar da abin da za a sayar, dangi sun yi abin da suka iya.

A filin jirgin Kazablanka wani mutum ya tarbe mu, sunansa Ɗanjuma. Wani ɗan uwanmu na Maraɗi ya ba mu lambarsa, ya ce ya daɗe a garin, aikinsa ke nan raka marasa lafiya. Yana sanye da baƙar rigar fata, yana ta murmushi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya kira ta Hajiya, ni kuma ƙanena. Jin Hausa a wurin ya sanyaya mini rai ƙwarai. Ya karɓi fasfunanmu ya ce zai kai wa ’yan sanda su rubuta mu, haka dokar garin take.

Ɗakin da ya kama mana yana can saman wani dogon gini a tsohuwar unguwa, kuma babu na’urar hawa. Inna ta tsaya a gindin matakala ta duba sama. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta riƙe bango. Na duba, babu mace kusa. Na juya na durƙusa na ba ta baya. Ta daɗe ba ta motsa ba, sannan na ji hannayenta a kafaɗata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna tsakiyar hawa ta ce wa bango, "A yi sannu." Daga ranar kullum haka muke hawa da sauka, kuma ba mu taɓa yin maganar ba.

Washegari Ɗanjuma ya ce likitar da aka turo mu wajenta ta tafi Faransa, sai ta dawo. Kafin nan, in ji shi, gara a sake gwaje-gwaje, don na Yamai ba sa karɓuwa a nan. Ya riƙa kai mu wani ƙaramin asibitin kuɗi mai ƙyalli, a ɗebi jini, a ɗauki hoto, a ce mu dawo. In na tambayi likitar sai ya ce, "Ƙanena, ka cika garaje. Nan ba Tibirinku ba ne." Sanyi ya shigo, ruwa kullum, bangon ɗakin yana tsatsafa. Yara a lungu suna bin mu da wata kalma suna dariya, daga baya na san ma’anarta, ba zan rubuta ta ba. Matar mai gidan ta ware mana kofi ɗaya, in mun mayar ta ɗauke shi da tsumma. Inna ba ta saba da burodi safe da rana da dare ba. Wata rana ina wanke kwano na ji tana cewa, ita kaɗai, "Ko ɗan hura mutum bai samu." Na zagaya kasuwa neman gero, na tarar da shi wajen masu sayar da abincin tsuntsaye. Na sayo, amma babu turmi.

Wanda ya fitar da mu daga hannun Ɗanjuma wani tsoho ne mai sayar da burodi da na’ana’a a ƙofar ginin, ana ce masa Si Ahmad. Kullum yana ganina ina saukowa da Inna a baya. Wata safiya ya tsayar da ni da Faransancinsa wanda bai fi nawa ba, ya tambayi ciwon da asibitin da aka turo mu. Da na faɗa sai ya girgiza kai. Ya ce surukarsa can take karɓar magani, kuma ko shekaranjiya ta ga likitar nan da idonta.

Na je shagon shayin da Ɗanjuma ke zama na ce ya ba ni fasfunanmu. Ya yi dariya gaban abokansa.

"Kai baƙauye, wa ya hure maka kunne? Ka san garin ga ya hi ni?"

"Ban sani ba," na ce. "Takardunmu nike so."

"Suna wajen ’yan sanda."

"To mu tahi tare."

Bai tashi ba, ni ma ban tashi ba. Na ja kujera na zauna bakin ƙofa, duk wanda ya shigo na gaishe shi na ce ina jiran fasfon uwata ne. Wajen la’asar mai shagon ya yi masa magana da Larabci da kakkausar murya. Ɗanjuma ya zaro fasfunan daga aljihun rigar fatar, inda suke tun ranar farko, ya jefa kan tebur. Ya ce, "Ka je. In ta mutu a hannunka kada ka neme ni."

Ɗan ’yar’uwar Si Ahmad mai taksi ya kai mu babban asibitin, ya ƙi karɓar komai. Likitar gajeruwar mace ce mai furfura. Ta ce ta daɗe tana jiranmu, har ta aika Yamai tana tambaya ko mun fasa. Ta zaunar da Inna, ta sake bayanin binciken, ta ce in fassara kalma bayan kalma, don dole ita mai ciwon ta yarda da bakinta. Inna ta saurara tana duban ƙasa, ta ce, "A ce mata na yarda."

Sai tambayoyi. Likitar tana tambaya da Faransanci, ni ina juyawa. Na farko masu sauƙi ne, shekaru, haihuwa nawa, inda ke ciwo. Daga nan ta shiga waɗanda ɗa ba ya yi wa uwarsa. Yaya fitsarinta, yana kumfa? Bayan gida fa? Yaushe ta daina ganin al’ada? Na kafa ido kan takalmina ina cewa, "Ana tambaya ko..." Inna ta juya fuska ga taga. Amsarta ɗaya ce, "A ce mata lahiya lau." Likitar ta ga abin da ke faruwa, ta tambaya ko babu mace mai jin harshenmu. Na ce mu biyu muka zo.

Sannan ta ce, "Wane magani take sha, ko ta sha a baya? Kowane iri."

Na juya tambayar kamar yadda aka yi ta. Inna ta lissafa. Na likitan Yamai mai rage zafi. Rubutun malam. Jiƙon sassaƙe, amma an bari tun gida.

"Sai mi?" na ce.

"Shi ke nan."

Likitar ta aje alƙalami ta dubi Inna da kyau. Ta taɓa kumatunta, ta dubi hannayenta da suka zama kamar kara. Ta ce mini, "Fuskarta dama haka take, a cike?"

Na yi shekara arba’in da wani abu a duniya, ban taɓa tsayar da ido kan fuskar uwata ba. Na ce wataƙila sanyin garin ne. Ta rubuta wani abu.

An ɗebi ɓargon daga ƙashin ƙugu da wata doguwar allura. An fitar da ni waje. Da na dawo Inna tana kwance idonta bushe, ta ce, "A miƙo mini gyale." Wata ma’aikaciyar jinya ce ta gaya mini ta yi kuka sosai, amma da ta ji tafiyata ta share.

A ɗakin jira na wannan asibiti muka haɗu da Hajiya Hamsatu. Bazabarma ce ’yar Doso, ’yar kasuwa, ta kawo mijinta ana wanke masa ƙoda. Ta ji ina yi wa Inna magana, ta taso tun daga can ƙarshen ɗaki, ta duba tsagen fuskar Inna, ta tafa hannu.

"La ila! Bagobira har nan? Baiwata, wa ya ba ki izinin hawa jirgi ban sani ba?"

Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ke ji min Bazabarma. Ke da aka ɗauko ki riƙon jaka?"

Wasan Gobirawa da Zabarmawa ke nan. Daga ranar Hajiya Hamsatu ta shiga rayuwarmu. Tana zuwa ɗakinmu tana haki tana zagin matakala. Ta zo da kuka da daddawa daga gida, ta tuƙa mana tuwon garin alkama da miyar kuka. Ita ta riƙa yi wa Inna wanka, abin da ya fi damuna tun zuwanmu. In ta zo sai ta ce, "Kai ɗan lakol, hita, mata za su yi magana." In zauna kan matakala ina jin su ta bayan ƙofa. A nan na fara jin yadda dariyar Inna take in ta saki jiki.

Da sakamakon ya fito likitar ta kira ni ni kaɗai. Ta ce ɓargon bai ba su abin da suke nema ba. Ƙwayoyin ciwon da suka samu sun yi kaɗan, ba su isa a gane ko mai gaggawa ne ko mai sannu ba, alhali ƙasusuwanta sun nuna ciwon ya yi ɓarna mai yawa. Ga sukari ya hau a jininta, ga fuska a kumbure. Ta ce, "Wani abu yana danne ciwon nan. Akwai abin da take sha." Na rantse mata babu. Ni ke sayen komai, ni ke ba ta da hannuna. Ta ce ba ta ce ina ƙarya ba, amma in koma in bincika.

Na gaya wa Hajiya Hamsatu da rana a gindin gini. Ta daina wasa. Ta ce in je in sayo burodi, kuma kada in yi sauri. Da na dawo na same ta zaune a kan matakala, da gwangwanin man shafawa a hannu. Na san gwangwanin, kullum yana ƙarƙashin matashin Inna. Ta buɗe. Babu mai a ciki, ƙananan fararen ƙwayoyi ne.

"Ka san wannan?"

Na ce a’a.

"Ina za ka sani. Sha-ka-fashe ce. Ƙwayar ƙiba."

Ta gaya mini yadda Inna da Zuwaira suka yi. Tun daminar bara, da Inna ta fara ramewa, mata suna zuwa dubiya su fita suna raɗa. Zuwaira ta kasa jurewa, ta sayo mata a kasuwar Cadakori wajen masu tallar ƙwayoyi a faranti, irin wadda ake ba ’yan mata kafin biki. Inna ta fara cin abinci, fuska ta ciko, har ciwon bayan ya ragu. Ba ta fasa ba ko rana ɗaya, kuma da za mu taho Zuwaira ta cika mata gwangwani.

Na tura ƙofa na tsaya daga bakin ɗaki. Inna tana zaune ta ba ni baya. Hajiya Hamsatu ta wuce ni ta zauna kusa da ita ta ce, "Baiwata, ba likita ta tambaye ki ba? Mi ya hana ki faɗi?"

"Magani aka tambaye ni," in ji Inna. "Wanga ba magani ba ne, abin mata ne."

"To ko da hakan."

"Ke Hamsatu, ki ji tsoron Allah. In buɗe baki gaban wancan in ce ina shan abin ƙiba kamar amarya? Da girmana?"

Can ta ƙara, murya ƙasa ƙasa, "Kuma duk abin da aka ba ni, shi kaɗai ya yi mini rana."

Na kai wa likitar gwangwanin. Ta juye ƙwayoyin a tafin hannu, ta duba rubutun da ke jikinsu, ta aika aka gwada. Da ta sake kirana ta daɗe tana murza goshi. Ta ce Inna ba ta yi ƙarya ba da ta ce ya yi mata rana. Wannan ƙwaya tana cikin magungunan da su kansu za su haɗa mata, sai dai su da awo suke bayarwa, tare da wasu, na ɗan lokaci. Ita kaɗai, wata da watanni, tana kwantar da ciwon ne sama sama, ta ɓoye kamanninsa, tana kuma cinye ƙashi da garkuwar jiki. A dokar bincikensu, wanda ya sha ta haka ya riga ya fara magani.

Na roƙe ta. Na ce daga ni sai ita sai Hajiya Hamsatu muka sani. Na ce ta sake ɗibar ɓargon bayan an daina. Na gaya mata abin da aka sayar kafin mu zo. Ta bar ni na gama. Ta ce in ta ɓoye, za a auna wa Inna magani kan sakamakon da ba gaskiya ba, kuma za a yi amfani da abin da aka gani a jikinta a auna wa wasu da za su zo bayanta. Ta ce za ta kai maganar gaban waɗanda ke saman binciken. Na tabbata ta kai, don na ga idonta ranar da ta ba ni amsarsu. Sun ce a’a.

Ban riƙe likitar a zuciya ba. Amma akwai abin da har yau nake juyawa. Suna neman mara lafiyar da bai taɓa haɗiyar komai ba. A wajenmu wa ke kaiwa gaban babban likita bai haɗiyi komai ba? Daga ranar da bayan Inna ya fara ciwo zuwa ranar da aka faɗi sunan ciwon, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. An ce mata sanyi ne, an ce aikin daka ne, an ce tsufa ne. A duk tsawon wannan lokaci mai faranti yana kasuwa kowane mako, ba ya tambayar ordinas ɗin likita, ba ya cewa a dawo gobe. Kuma tun daga Maraɗi har Yamai har Kazablanka, babu inda aka sami mace ɗaya mai jin Hausa da za ta ja labule ta tambayi Inna ita da ita. Hajiya Hamsatu ba ta yi karatun likita ba, kafin in dawo daga sayen burodi ta gama.

Likitar ba ta kore mu ba. Ta rubuta wa Inna tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi, a wajen binciken, ba tare da an san irin ciwonta ba. Wasu ta samo mana kyauta. Ta ce ƙwayar ba a yanke ta lokaci ɗaya, aka riƙa ragewa kaɗan kaɗan. Da aka rage, fuskar Inna ta zube, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ta daina yi wa Hajiya Hamsatu magana. Hajiya ta zo da tuwo, ta kira ta baiwata, ta tsokane ta, Inna ta juya ga bango ta ce, "An karɓe mini abin da ke aiki, an ba ni wanda ba ya yi." Duk da haka Hajiya ba ta daina zuwa ba, ta yi mata wanka cikin shiru, ta wanke zannuwa ta shanya.

Sai zazzaɓi, sai tari. Na sauko da ita a baya, jikinta kamar garwashi. An kwantar da ita, aka ce ciwon huhu ne, kuma jikin ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. A kwanakin nan ta shirya da Hajiya Hamsatu. Na ji tana ce mata, "Ke Bazabarma, kin iya tuwo, ba laihi." Ni kuma ina zaune daga gefen ƙafafunta, inda ba sai ta dube ni ba. Na sha jin ana cewa uwa takan kira sunan ɗan farinta in ajali ya matso. Inna ba ta kira ba. Maganarta ta ƙarshe gare ni ita ce, "A je a ci abinci." Na je, na dawo na tarar Hajiya Hamsatu tana rufe mata ido. Da hantsi ne, ranar Talata.

Kawo gawa gida ya fi ƙarfinmu. Hajiya Hamsatu ta yi mata wanka tare da wasu mata biyu na asibitin. Si Ahmad ya rufe teburinsa, ya tara mutane daga masallacin unguwa, waɗanda ban san sunan ko ɗaya ba, suka yi mata salla suka ɗauke ta. Maƙabartar tana bayan gari, ƙasar ja ce mai danshi. Ni na shiga ramin na karɓe ta. Ɗanjuma ya aiko saƙo ta waya yana ta’aziyya, yana cewa in akwai takardun da za a yi ya san hanya.

Na iso Gidan Sori an riga an yi zaman makoki an watse. Mutane suka sake taruwa, na gaya musu abin da ake gaya wa mutane, ciwo ya yi nisa, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kwana ya ƙare. Baffana ya tambaya ko an sa ta cikin binciken. Na ce jikinta bai dace ba. Bai ƙara tambaya ba.

Da mutane suka ragu, Zuwaira ta same ni a bayan rumbu da goyonta. Tana riƙe da wayar mijinta, ta buɗe hoton da na aiko musu farkon zuwanmu, Inna zaune bakin gado cikin bargo.

"Yaya, dubi huskarta," ta ce. "Ko ba komai ba ta je cikin baƙi kamar ƙashi ba. Na san abin da na yi mata." Ta yi ɗan murmushi tana share hawaye. "Kai ba za ka gane ba, sirrinmu ne ni da ita."

Na dubi hoton. Na ce Allah ya saka mata da alheri, ta yi jinya.

Ɗiyar Zuwaira ta fari siririya ce, an sa bikinta bayan kaka. Ranar kasuwar Cadakori da ta wuce na ga uwar tsaye gaban mai faranti. Na kira ta gefe na ce kada ta ba yarinyar, likitocin can sun ce tana da illa. Ta ce, "Illar mi? Inna ta sha, ba ka ga yadda ta karɓe ta ba?" Na buɗe baki, sai wata maƙwabciyarmu ta iso tana gaishe mu, maganar ta wuce.

Na san ba za ta bari ba sai ta ji dalilin gaba ɗaya. Har yau ban gaya mata ba.